Alƙaluma Masu Naso

Tun ranar da aka sallamo Mama daga asibiti da ƙarfe a ƙugu aka kawo ta gidan ɗanta, magana ɗaya ce a bakinta: da ta warware za ta koma gidanta. Gidan kuwa babu kowa a ciki sai kujeru, kuma a banɗakinsa ta zame ta faɗi, ta yini kwance a ƙasa kafin maƙwabciya ta jiyo nishinta. Ɗan ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya turo fasto, duk a banza. Mama ta ce ƙarshen wata za ta tafi, har ta sa an sauko mata da jakarta daga saman kabad.

Matar ɗan, wadda Mama ke kira Amarya har yau ko da yake auren ya tsufa, ita abin ya fi ci wa rai. Tana son tsohuwar nan, so na gaskiya, kuma ta san idan ta koma can wata faɗuwar za ta yi. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne godiya. A kawo ruwa, an gode. A gyara matashi, an gode, Allah ya yi albarka, an sha wahala. Mutum a gidan ɗan da ya haifa, amma sai ka ce baƙon da ke jiran mota! Ko gishiri ya yi yawa a miya Mama ba za ta ce uffan ba, sai ta ci ta yi godiya.

Abu ɗaya Mama ta yarda a kwaso mata daga gidanta, kayan ibadarta na safe. Tana da babban Littafi Mai Tsarki mai faɗin gefe, da wani littafin rubutu mai kaurin takarda. Kowace safiya idan ta karanta ayar ranar, sai ta rubuta addu'arta a littafin rubutun, ta liƙa ɗan ƙyalle ko busasshen fure, sannan ta koma gefen ayar ta zana wani abu ƙarami, fitila ko tsuntsu ko hannu a buɗe. Ba ta iya zane ba, tsuntsunta da kifi duk ɗaya suke, amma ba ta taɓa fashi ba.

Kayan ne dai, kai jama'a. Teburin ɗakin ya zama kasuwa. Ga sitika a cikin ambulan ɗin katin biki, ga salatif mai launi an zura a jikin cokali, ga gam ya bushe a baki, ga almakashi a cikin gidan tabarau, ga guntayen zare ko'ina. Alƙaluman launi kuma an cusa su a gwangwanaye biyu, na madara da na shayi, ja da kore da baƙi duk a cakuɗe. Amarya a kantin magani take aiki, inda kowace kwalba ke da mazauninta. Duk lokacin da ta shiga ɗakin da tire sai ta ji hannunta na ƙaiƙayi.

A nan dabara ta faɗo mata. Ta ce a ranta mutum ba ya zama inda ba shi da wuri nasa. Idan ta yi wa Mama kusurwa mai kyau, komai a jere, wataƙila ta ji nan ma gida ne.

Ranar da maigidan nata ya kai Mama asibiti gashin ƙashi, Amarya ta ɗauki hutu. Ta sayo akwatin roba mai ƙananan aljihuna, irin wanda ana ganin abin da ke ciki, ta zauna ta yi aiki tuƙuru. Sitika ta raba su, masu fure daban, masu gicciye daban. Ƙyallaye ta goge su ta ninke. Ta sauya gam, ta wasa fensira. Alƙaluma kuwa ta zazzage gwangwanayen biyu a kan gado ta jera su launi-launi, kore da kore tun daga mai haske har mai duhu, shuɗi da shuɗi. Ta rubuta sunan kowane aljihu da manyan baƙaƙe saboda idon Mama. Gwangwanayen, da yake sun yi tsatsa, ta jefa su a shara. Kuma a faɗi gaskiya, abin ya yi kyau.

Abin da Amarya ba ta sani ba, takardar Littafi Mai Tsarki shara-shara ce. Akwai alƙalamin da ke zama a kanta lafiya, akwai wanda tawadarsa ke yin naso ta ɓullo ta baya. A ido ba ka bambanta su, wasu ma kamfani ɗaya ne, jiki ɗaya, murfi ɗaya. Mama ta yi shekaru tana gwada kowane sabon alƙalami kafin ta ba shi gida. Marar naso ya shiga gwangwanin shayi, na gefen aya ke nan. Mai naso ya shiga na madara, shi sai littafin rubutu. Tsarin ke nan gaba ɗaya, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa tambaya.

Da suka dawo, Mama ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da sandarta, ta daɗe tana kallon teburin. Ta tambaya ina gwangwanayenta. Amarya ta ce ai sun tsufa, ga wanda ya fi su. Mama ta ce an gode, Allah ya yi albarka. Amarya, baiwar Allah, ta ɗauka daɗi ne ya hana ta doguwar magana.

Washegari ita ce ranar da Baba, mijin Mama, ya rasu shekarun baya. Baba direba ne, bai damu da biro ba, ko katin gaisuwa sai an bi shi da shi. Sau ɗaya tak ya yi rubutu a Littafin Mama, lokacin da ta kwanta ciwo yana karanta mata. A gefen aya ya rubuta da shuɗin biro, layin a karkace: “Ubangiji, ka tashe ta. Ban iya dafa komai ba.” Kowa a gidan ya san rubutun nan, an sha yin dariya a kansa. Mama ba ta taɓa shafin da alƙalami, amma duk shekara a ranar takan juya bayan takardar ta zana ɗan ganye ɗaya daidai inda rubutun yake.

Amarya ta shigo da shayi sanye da kayan aiki, ta tarar da Littafin a buɗe, hannun Mama na shawagi a kan aljihun kore ya kasa sauka. Sai ta yi karambani. Ta zaro wani kore mai duhu, mai kyan gaske, ta cire murfin ta miƙa mata.

Mama ta juya shi a hannu ta ce, “Wannan daga wane gwangwani ya fito?”

Amarya ba ta sani ba. Ta ina za ta sani? Amma tana sauri, kuma ta ɗauka tambayar tsofaffi ce kawai. Ta ce, “Na shayi, Mama.”

Mama ta gyara tabarau ta zana ganyen, ta cike cikinsa a hankali yadda ta saba. Tun kafin ta gama ta ga gefen ganyen yana bajewa. Ta ɗaga takardar da sauri. Tawadar ta ratsa, kuma ba ratsawa kaɗai ta yi ba, ta narkar da biron. Inda rubutun Baba yake, sai wani tabo mai duhu, kore ba kore ba, shuɗi ba shuɗi ba. Kalmar farko ce kawai ta tsira, da wutsiyar ta ƙarshe.

Amarya ta zabura. Ta wawuro tishu za ta danna, Mama ta riƙe mata wuyan hannu. Riƙon ba ƙarfi. Ta ce ba komai, ta je kada ta makara. Har da godiyar shayi.

Ranar Amarya ba ta san me ta yi a kanti ba. Mai neman maganin tari ta miƙa masa na ciki, sai da abokiyar aikinta ta taɓo ta. Ta tambayi duk wanda take ganin zai sani ko akwai abin da ke cire tawada ya bar biro, kowa ya ce babu. Ta shiga ɗakin ajiya ta yi kuka, ta wanke fuska ta fito. Da ta koma gida ta tarar da jakar Mama a bakin ƙofar ɗaki, an zuge zif. Maigidan ya ce Mama ta fasa jiran ƙarshen wata, gobe take so a kai ta. Ya ce bai san me ya faru ba, ta ce masa dai ya isa haka, kada ta zama nauyi. Amarya ta gaya masa. Ya zauna a hannun kujera ya riƙe kai, don shi ma rubutun ubansa ne.

Da safe ba ta kai shayi ba. Ta shiga hannu rabbana, ta tarar Mama ta yi shiri tsaf, ta ɗaura ɗankwali, tana zaune a gaban teburin ba ta taɓa komai ba. Littafin a rufe. Amarya ta durƙusa a gefen kujerar ta ce ba haƙuri ta zo bayarwa ba tukuna, gaskiya ta zo faɗa. Ta ce jiya da aka tambaye ta gwangwani, ba ta sani ba. Faɗa kawai ta yi.

Mama ta juyo ta dube ta. “Ba ki sani ba?”

“Ban sani ba, Mama.”

“Kika ce na shayi.”

To, a nan ne abin da ke cikin tsohuwa ya fashe. Ta wanke Amarya tas. Ta ce wa ya aike ta? Wa ya ce mata duk abin da ba a jere yake ba shara ne? Ta ce mutum ya shigo ɗakin mutane ya zubar musu da gwangwani ko sallama babu, wai ita a dole mai tsari. Ta ce da ta ce ban sani ba, bakinta zai guntule ne? Daga nan ta gangaro kan miyar da gishiri ke yi wa yawa, da labulen da ake buɗe mata tun ba ta tashi ba, da matashin nan mai tauri da ya hana ta barci tun zuwanta. Tana faɗa tana kuka, muryarta har falo. Ta ce mutumin nan layi ɗaya ya bar mata a duniya, layi ɗaya.

Amarya na durƙushe, hawaye na zuba, ba ta kare kanta ba. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, kuma ta san ta cancanta. Amma can ƙasan zafin ta ji wani abu ya saki, don tunda Mama ta zo gidan nan ba ta taɓa yi mata magana irin ta uwa da 'ya ba sai yau.

Da faɗan ya lafa, Mama ta share fuska da bakin ɗankwali, ta ce ta tashi ta nemo mata kofuna biyu da takarda marar kauri. Amarya ta kawo. Mama ta sa ta zazzage aljihunan nan masu kyau a kan tebur. Ta ce ta ɗauki alƙalami ɗaya, ta ja layi, ta jira ya sha, ta juya takardar ta nuna mata. Mai naso hagu, marar naso dama. Wanda aka yi shakka a sake gwadawa. Amarya ta fara, Mama na ce mata ta daina dannawa kamar mai sa hannu a banki.

Suna cikin haka maigidan ya leƙo da makullin mota a hannu. Ya dubi matarsa, ya dubi teburin, ya tambaya a hankali ko ya fita da jakar.

Mama ba ta ɗago ba. Ta ce, “Mayar da ita saman kabad.”

Ya tsaya yana kallonta.

“Ban yafe wa matarka ba,” in ji ta. “Na gwada jiya, na gwada yau da asuba, abin ya ƙi. Ni kuma ba na barin gida da fushin mutum a cikina, ban taɓa ba. Sai na gama da shi a gaban Ubangiji.”

Ɗan ya tambaya ko abin zai ɗauki lokaci.

Mama ta karɓi takardar daga hannun Amarya, ta ɗaga ta saitin taga, ta ƙura mata ido. Ta ce, “Ubanka ma da ya yi mini laifi, sai da na shekara. Kuma shi bai taɓa mini gwangwani ba.” Ta ajiye takardar, ta tura wa Amarya wani alƙalamin. “Ja layi, 'yar nan. Kuma in ba ki gani da kyau ba, ki ce ba ki gani ba.”