Faifan Motar Tsoho

Tsoho direba ne a tashar Agiye, yana jigila zuwa Gazawa. Motar da ya sayo daga Kwatano ta zo da faifai maƙale a cikin rediyonta. An taɓa, an zungura da tsinke, ya ƙi fita. Da an tada mota sai muryar wata mata ta fito a hankali cikin Turanci, ƙahoni da yawa na bin ta a baya, kamar ba mai sauri a cikinsu. Tsoho bai san abin da take faɗi ba, bai kuma nema ba. Fasinjoji suka yi ta ƙorafi, wasu su ce kukan mutuwa ne, wasu su ce waƙar coci ce. Shi dai ya ga ta fi shiru, sai ya bar ta.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya shiga gaba, da buhun gero ɗan madaidaici da sanda. Malam Abdussamad sunansa. Ba su bar gari ba Tsoho ya lura yatsun dattijon na motsi bisa gwiwarsa.

"Yaro, ina ka samo wanga?"

"Da mota ya zo, Baba. In kashe?"

"Ƙara dai."

Ya ce a ƙuruciya soja ne, ƙaho yake busawa a ƙungiyar kiɗan bariki. Ran Asabar sukan cire kaki su yi wa manyan ma'aikata irin wannan kiɗan na Amurkawa, wanda ko a lokacin ya tsufa. Duk waƙoƙin soyayya ne, in ji shi: wata na jiran wanda ya tafi, wani na roƙon a tuna da shi. A wurin irin wannan rawa ya fara ganin matarsa Mariyama.

Kafin Gazawa akwai ƙauyen su Malam a bakin hanya. Ya roƙi Tsoho ya sauka daga kwalta har ƙofar gida. Na baya suka fara gunaguni, wata mai kaji ta ce rana na yi. Tsoho ya dubi furfurar mutumin, ya karya kan mota.

Mariyama na ɓarar gyaɗa a gindin itacen bedi. Malam ya buɗe ƙofofin mota duka, ya kira ta. Ta taso tana kakkaɓe zane, ta tsaya ta saurara har waƙar ta ƙare.

"Kin tuna, Mariyama? Yamai. Na aje ƙaho na zo na ja hannunki."

"Damagaram dai, Malam," ta ce. "Kuma ba ni ka ja ba, Yaya Ummuhani ce. Ni ina gefe riƙe da takalmanta."

Malam ya dube ta.

"Ummuhani?"

"Ita. Ka taka mata ƙafa har sau biyu, ta rantse ba ta ƙara rawa da soja. Ni sai bayan damina ka san da ni."

Mai kaji ta tuntsire da dariya. Malam ya sosa ƙeya, ya ce Allah ya jiƙan Ummuhani, kowa ya amsa da amin. Mariyama ta ce waƙar ba laifi, amma su Malam sun fi waɗannan ƙara. Ta shiga gida ta fito da kwanon ruwa da gyaɗa cikin leda ta miƙa wa Tsoho.

"Sannu da wahala, ɗana. Sauke mishi geron, bayanshi ba ya so."

Tsoho ya sauke buhun ya kai zaure. Da ya fito, dattijon ya riga ya zauna kusa da matarsa, ya jawo tiren gyaɗa gabansa, suna ta musu kan ko wane gari ne.

Mota ta koma kan kwalta. Har Gazawa fasinjoji na gardama, maza na cewa mutum ba ya manta inda ya ga matarsa, mata na cewa babu abin da namiji bai mantawa. A tasha Tsoho ya sauke su, ya shiga layin masu komawa Agiye.