Minti Tamanin da Biyar

Shekara tara ina koyar da 'yan aji huɗu, kuma babu abin da ke sa ni ciwon kai kamar lissafin tsawon lokaci. Ka ce wa yaro mota ta tashi ƙarfe tara da hamsin, ta isa goma da talatin da biyar, sai ya jera lambobin ya ɗebe kamar mai ƙirga lemo, ya ce maka minti tamanin da biyar. Ya manta awa minti sittin ce, ba ɗari ba.

Da abin ya ishe ni, na zo da igiyar shanya daga gida, na ɗaura ta daga ƙusar taga zuwa ta allo, na maƙala mata 'yan kwalaye masu ɗauke da awoyi. Yaro zai bi igiyar da yatsa, ya fara isa cikakkiyar awa, sannan ya ƙara abin da ya rage. Ba a ɗebewa a ajina, tafiya ake yi.

Malamar ɗaya ajin huɗun ƙanwa na ɗauke ta, Yaya take ce mini. A shekararta ta farko na jiyo ta ta bango tana koya wa yara irin wannan ɗebewar da bakinta. Ban tona mata asiri ba. Bayan an tashi na tsayar da ita a gaban igiyar har ta gane. Amma hali zanen dutse, da ta shiga sauri sai ta koma gidan jiya. Awa-Ɗari nake kiranta idan muna mu biyu, ta yi dariya ta kai mini duka. Duk Laraba takan zo ta ari igiyar.

Ranar Litinin aka kira ni a waya cewa mahaifiyata ta zame a banɗaki. Dokar makaranta ta yarda malami ya fita har awa ɗaya idan ya damƙa ajinsa ga wani. Na leƙa ajinta na ce, “Ƙanwata, duba mini yaran nan, yanzu zan dawo.”

“Haba Yaya, je ki kawai. Ki gaishe da Umma.”

Na dawo na tarar da wata ɗalibata da bandeji a goshi, ta faɗo daga kan tebur. Yaran suka ce ba wanda ya shigo ajin.

Washegari hedimasta ya kira ni ofis. Ya ce iyayen yarinyar sun tayar da ƙayar baya, kuma wani malami ya ajiye rahoto bugun na'ura, ba suna. Idan abin da ke ciki ya tabbata, dakatarwa ce, wataƙila ma sallama. Ya turo mini takardar. An rubuta cewa na bar aji ban damƙa wa kowa ba, kuma bisa littafin maigadi na fita 9:50 na dawo 10:35, wato minti tamanin da biyar.

Na karanta lambar sau uku. Wallahi ba tsoron rasa aikin ne ya fara kama ni ba, kunya ce, kamar ni na yi abin. Malamai goma sha huɗu muke, amma mutum ɗaya na sani mai wannan lissafin.

“Ranka ya daɗe,” na ce, “daga tara da hamsin zuwa goma, minti nawa ne?”

“Goma.”

“Daga goma zuwa goma da talatin da biyar fa?”

Ya cire tabarau ya murza ido. “Arba'in da biyar ke nan. To, batun damƙa ajin fa? Wa kika bar wa?”

Na faɗi. Ya ce ai ya tambaye ta, ta ce ba ta tuna an yi haka ba. Ya sake duba takardar, ya ce zan sha gargaɗi a rubuce, amma aikina yana nan. Gargaɗin farko a shekara tara.

Ran Laraba na rubuta a allo da manyan baƙaƙe: wata malama ta fita 9:50, ta dawo 10:35. Na ɗaga murya yadda bango ba zai tare ta ba. Yara arba'in suka amsa baki ɗaya, “Arba'in da biyar!” Ajin da ke makwabtaka da mu ya yi tsit.

Da aka kaɗa ƙararrawar fita hutun tara sai ga ta a bakin ƙofa, tana wasa da zoben hannunta.

“Yaya, na ji abin da ya faru. Mutane ba su da tsoron Allah. Ko wa ya rubuta?”

Na hau kujera na kwance igiyar daga ƙusar taga, na kwance ta allo, na naɗe ta da kwalayenta na ɗora mata a hannu.

“Riƙe ta, Malama,” na ce. “Ba sai kin dawo da ita ba. Yarana sun iya.”