Ƙarfe Huɗu a Ƙarƙashin A-kori-kura

Shekara talatin da ɗaya Malam Mika'ilu ya yi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano yana ƙara wa motoci sifirin. Direba ya kawo mota tana ɗaukar buhu talatin, ya fita da ita tana ɗaukar hamsin, gindinta a sama kamar zakara mai neman faɗa. Sai ga shi a Dubai, a wani gareji a Al Qusais, aikin farko da aka ba shi: ya cire wa mota sifirin kaf ya zubar.

'Yarsa Mahfuza ce ta kawo shi. Shekararta biyu tana aiki a ofishin kago a Deira, ba ta da kowa nata a garin, shi kuma aiki ya ja baya a gida. Bizar ziyara ya shigo da ita, saura kwana huɗu ta ƙare. Mai garejin, wani Balarabe da ake kira Abu Saif, ya yi magana ɗaya: in aikin motar nan ya yi kyau zai yi wa tsoho bizar aiki, in bai yi ba, sai jirgi.

Ranar Asabar da za a gwada motar Mahfuza ta sauka daga jirgin ƙasa na metro da kular abinci, ta lallaɓa ta tsaya jikin bango inda ba mai kula ta. Tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar Amurka, ta girmi Mahfuza nesa ba kusa ba, an yi mata fenti kore shar, an shimfiɗa mata katako mai sheƙi a baya. A gurbin sifirin an ɗaura mata wasu jakunkunan baƙar roba guda huɗu, kowace kusa da taya ɗaya, ga tankin iska, ga injin da ke hura su. Babanta ba ya kiran su komai sai balan-balan.

"Baba, ka ga ɗiyarka ta zo kallo," in ji Abdulai, shugaban ma'aikatan, mutumin Zongon Kumasi. "Yau za ka ga abin da Ƙofar Ruwa ba ta taɓa gani ba."

"Ƙofar Ruwa ta ga abin da ya fi ka, Abdulai. Ta ga tirela a kan jak ɗaya."

Aka yi dariya, amma Mahfuza ta lura babanta bai yi ba. Sai goge hannu yake da tsumma, alhali hannun ba datti.

Abu Saif ya iso cikin farar riga, ya ɗauki ɗan akwatin maɓallai, ya ce, "Yalla, mu gani." Ya danna. Motar ta yi wani irin huci, fusss, ta fara sauka a hankali, tayoyin suna shigewa cikin bodi. Mahfuza ta riƙe baki. Ba wanda ya taɓa ta, ga ta tana durƙusawa da kanta! Sai ji aka yi ƙwam. Ta tsaya cak, saura kamar yatsa huɗu ta taɓa ƙasa.

Abu Saif ya sake dannawa. Shiru. Shi kuwa abin da yake so ke nan tun farko, motar ta kwanta da cikinta a siminti, ko takarda kar ta wuce. Ya juya ga Abdulai yana faɗa, Abdulai yana rantsuwa cewa shi da kansa ya auna komai. Fuskar Abdulai duk ta jiƙe.

Malam Mika'ilu ya ajiye tsumman.

"Mahfuza, zo nan."

Ta baro jikin bango. Maza fiye da goma suka juyo suna kallonta.

"Ke za ki faɗa masa. Abdulai zai zuba wa maganar suga. Ki ce ni ne. Shekaranjiya da suka tafi cin abinci na yi waldar ƙarfe huɗu a ƙarƙashi, kowane kusa da balan-balan ɗinsa."

"Baba…" Muryarta ta yi ƙasa. "Saura kwana huɗu fa."

"Na san lissafin kwana. Ki ce masa ni ban taɓa sakin mota a hannuna tana tsaye a kan iska ba. In robar nan ta fashe a titi da mutum a ciki, me zai tare ta? Ki faɗa yadda na faɗa."

Ta so ta ce kuskure ne, ta so ta ce tsoho bai gane umarni ba. Turancin ma yana bakinta a shirye. Ta dubi babanta, ta dubi Abdulai da ake shirin ɗora wa laifin, sai ta faɗa yadda aka faɗa mata, idonta a kan takalmin Abu Saif.

Abu Saif ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ya yanke su yanzu."

"Ki ce zan yanke," in ji Malam Mika'ilu. "Amma in fara ganin iskar nan ta ɗauki kaya. A wurinmu ba a yabon mota tana wofi."

Abdulai ya dafa kai. "Baba, wannan motar ado ce! Ko lemo ba a sha a cikinta!"

Mahfuza ta fassara. Abin mamaki, Abu Saif sai ya karkata kai yana duban tsohon, kamar wanda aka taɓa wa wurin da yake so. Ya aika sito na kusa da su, inda ake ajiye shinkafa. Aka shimfiɗa barguna biyu a kan katakon, aka fara jido buhuna. Malam Mika'ilu ne ya tsara su da kansa, yana tura masu nauyi saitin taya. Da aka kai goma sha biyar Abdulai ya ce don Allah ya isa.

Abu Saif ya miƙa wa Malam Mika'ilu akwatin maɓallan. Ya nuna masa maɓalli da yatsa.

Malam Mika'ilu ya yi bismillah ya danna.

Da farko ba abin da ya faru sai wata 'yar ƙara siririya. Sai robobin suka fara kumbura. Mahfuza ta ga inuwar da ke ƙarƙashin motar tana faɗi, haske yana shiga. Motar ta tashi, da ita da shinkafarta, ba gargada, ba kuka, ba ɓangaren da ya riga wani, kamar ƙirjin mai barci in ya ja numfashi. Ta wuce inda take da, ta ƙara, har tayoyin suka fito fili. Mahfuza ta ƙura wa robobin ido. Abin da ke shiga hancinta yana fita ba ta ko lura, shi ne ya ɗaga wannan uban nauyi?

Babanta ya tsuguna. Ya miƙa hannu ya taɓa robar, ya matsa ta da babban yatsa, ta ƙi motsi kamar dutse. Ya daɗe a haka.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ya ce a hankali. "Ba a ganinta, ba a riƙe ta." Ya ɗago. "Abdulai, a sauke kayan. Miƙo min giranda in yanke ƙarafan nan."

Aka tokare motar, ya shiga ƙarƙashi. Tartsatsi ya dinga fitowa. Minti goma, ashirin, faifan girandar ya cinye, aka sa wani. Shi ma ya cinye a ƙarfe na uku. Abu Saif ya gaji da tsayuwa, ya tattare farar rigarsa ya durƙusa da tocila yana leƙe. Da guntun farko ya huce ya ɗauke shi, yana jujjuya shi, yana bin layin waldar da farce. Ya yi wa Abdulai tambaya, Abdulai ya ɗaga kafaɗa ya nuna ƙafafun da ke leƙowa daga ƙarƙashin mota.

Da aka gama, aka janye matokaran, Abu Saif ya danna. Motar ta yi hucinta ta sauka, ta sauka, ta kwanta a siminti lif, ko ƙara babu. Gareji ya ɗau tafi da fito.

Abu Saif bai tafa ba. Ya zo gaban Mahfuza, guntun ƙarfen yana hannunsa har yanzu.

"Ki ce wa babanki, nan gaba in zai ɓoye mini ƙarfe a mota, ya fara tambayata. Kuma gobe da safe ya zo da fasfonsa."

Ta juya ga babanta. Sai da ta sake bitar maganar a ranta, ko ta ji daidai.

"Me ya ce?" in ji Malam Mika'ilu, yana karkaɗe baƙin ƙarfe daga gemunsa. "Yi magana mana, 'yar nan. Kora ce?"

"Fasfo, Baba. Ya ce gobe ka kawo fasfo."