Tarin Kofur

"Habibatu, ka riƙe min bakin bargon nan," in ji Baba Irmiya. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka a Ƙofar Dumi, har yau "ka" yake ce mini, na gaji da gyara masa.

Na ajiye ƙwaryar nonona na riƙe. Tsoho ya durƙusa gaban tukunyar ruwan zafi da ganyen lemun tsami, ya ja karensa jikinsa, na lulluɓe su. Ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin mutum yana sirace da kare ba sai ran nan.

Karen, mai suna Kofur, na Baturen da Baba ya yi wa kuku ne. Da mulkin kai ya matso, Bature ya tattara ya koma gida, ya bar Kofur a wani gidan karnuka a Jos, inda ya kwaso tari. Baba ya hau mota ya ɗauko shi. Tari ne busasshe, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Baba ya cire masa abin wuya, ya daina hura wuta kusa da shi, zumar da 'yarsa Dorcas ke aiko masa daga Kaduna kuwa rabinta a harshen kare take ƙarewa.

Damuwarsa ɗaya ce: inda Kofur zai zauna bayan ransa. Dorcas ɗakin haya take, a unguwarmu kuma babu mai shigar da kare gida. Na yi wa yayana Hammajoda magana, mai shanu a wajen Gubi.

"Zan karɓa," ya ce, "amma sai tarin ya tsaya. Ba na kai cuta cikin karnukana."

Duk Juma'a in ya shigo gari sai ya leƙa.

"Baba, yaya mai jiki?"

"Da saura, Modibbo. Yana yi har yanzu. Tambayi Habibatu."

Ni kuwa na ba da shaida, don katanga ɗaya ce tsakaninmu, kullum ina jin tari. Har mita nake yi.

Ranar da 'yan makaranta suka wuce da tutoci kore da fari na bikin 'yancin kai, Baba bai fito kallo ba. Da hantsi na leƙa da fura, na tarar da shi kwance a kan gadonsa na kara, hannunsa a kan wuyan Kofur, ya riga ya yi sanyi. Na yi salati.

Mutanen cocinsu suka kai shi. Kofur ya kwana a zaurena har Juma'a ta zagayo, ina kasa kunne, ko sau ɗaya bai yi tari ba. Ashe ya daɗe da warkewa. Tarin da nake ji ta katanga na Baba ne, shi kuma ya bar mu a haka don kada a raba shi da abokin zamansa. Na yi kuka sosai, na kuma ji haushinsa, don da na sani da na aika wa Dorcas.

Hammajoda ya zo da igiya. Ya duba bakin karen, ya shafa maƙogwaronsa, ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Mu je."

Kofur ya zille, muka bi shi gidan Baba. Muka same shi kwance gaban tukunyar siracen nan da ta bushe, ya cusa kansa ƙarƙashin bargon, yana jira.

Hammajoda ya naɗe igiyarsa, ya zauna a bakin ƙofa.