Kafet ɗin Aro

Ranar da aka liƙa sunaye a ƙofar ofishin ƙungiyar unguwa, Haniya ta karanta takardar sau uku, daga sama har ƙasa. Yara arba'in za a kai sansanin wasanni a bakin teku, mako biyu, kyauta, har da takalmin gudu da abinci. Sunan 'yarta Nuhaila ba ya ciki. Na Ikram 'yar maƙwabciyarta Mbarka kuwa ga shi nan, na bakwai.

Ikram fa! Yarinyar da ko burodi aka aike ta saye sai ta huta a hanya. Nuhaila kuwa duk unguwar an san ta da gudu, samari ma sun daina yin tsere da ita don kunya. Kuma an ce akwai mai horarwa a sansanin, yana zaɓen masu ƙafa.

Haniya ta san inda gizo ke saƙar. Sansanin na 'ya'yan marasa hali ne, saboda haka ƙungiyar ta aiko Malama Nawal ta bi gida-gida ta gani da idonta. To, a garinsu na Asfi ba a tarbar baƙo a kan siminti. Haniya, wadda ke fere kifin sardin a masana'antar gwangwani tun rasuwar mijinta, ta je gidan yayarta ta aro jan kafet da matasai da tiren azurfa. Ta soya fanke, ta zuba masa zumar da take ɓoyo saboda tari, ta ɗaga buta sama ta tsiyaya shayin na'ana'a har ya yi kumfa. Malama Nawal ta ci, ta yaba, ta yi rubutu. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma na Haniya ya rufe har ya wuce misali.

Mbarka, maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa, da hannu cikin ruwan wanki ta tarbi baƙuwar, ta zaunar da ita a kan bokiti.

Tun daga ranar Haniya ta rasa sukuni. Hassada ce, kuma ta san hassada ce. In ta ga farin takalmin Ikram a kan taga sai ta ji miya ta fita ranta.

"Ko kunya babu," in ji ta, tana yanka albasa. "Baƙuwa a kan bokiti!"

"Mama, ki je ki gaya musu kafet ɗin na Goggo ne," in ji Nuhaila. "Shi ke nan fa."

Shi ke nan ɗin ne mai wuya. Duk da haka ta saka jallabiyarta ta tafi. Ofishin cike yake da matan unguwa, kowacce da kunnenta. Malama Nawal na hango ta ta miƙe, ta kira ta da laƙabin da ake yi wa manyan mata.

"Lalla Haniya! Ku ba ta kujera. Wallahi na shiga gida sittin, ban ga mai tarbar baƙo irin baiwar Allahn nan ba. Me ke tafe da ke?"

Matan suka juyo suna kallonta da girmamawa. Shekara shida rabon da a kalle ta haka. Maganar ta zo har bakinta ta tsaya.

"Wucewa nake yi, na ce bari in gaishe ki."

Da safiyar Asabar motar sansanin ta zo. Yara suka shiga da shuɗayen huluna, Ikram ta samu taga tana cin biskit. Da motar ta tashi sai Nuhaila ta cire silifas ta bi ta. Kafaɗa da kafaɗa suka tafi, ta wuce gidan burodi, ta wuce masallaci, yaran ciki suna ihun sunanta, sai a babban titi motar ta tsere mata. Ta tsaya can ita kaɗai, hannu a gwiwa.

Mbarka ta matso kusa da Haniya, tana share ƙwalla da bakin gyale.

"Tubarkalla, wannan ƙafa! Ai ita ta dace da wurin nan, ba tawa ba. Amma ku me za ku yi da na kyauta?" Ta yi ajiyar zuciya. "'Yar'uwa, ki yafe ni. Tun ranar da na leƙa na ga jan kafet ɗin nan naki, wallahi ban yi barcin kirki ba."