Uwar Saje a Motar Gwiwa

Duk ranar kasuwar Gwiwa, mata biyu ba sa fashin motar Maikasuwa idan za ta tashi daga Kazaure. Ɗaya Gwaggo Saude, mai man shanu, mace mai jiki da murya, wadda in ta yi dariya a gidan gaba sai an ji a kujerar baya. Ɗayar Dije, matar ƙaninta marigayi Malam Yakubu, siririya, mai ƙuli-ƙuli, wadda za a je a dawo ba a ji ta ce uffan ba.

A kan hanyar akwai shingen 'yan sanda, a gindin wata tsamiya. Kun dai san halin mutanenmu: da an hango baƙin kaki daga nesa sai baki ya buɗe.

"Ga 'yan a-ba-ni can, sun fito kiwo."

"Wallahi gara in gamu da kura da in gamu da su."

"Wai kuma su ma suna da iyaye a gida!"

Haka za a yi ta yi har mota ta rage gudu. Amma in aka ga Saje Lawal ne a bakin shingen, sai zance ya juya. Saje Lawal dogo ne, ba shi da yawan magana. Yakan yi wa direba sallama kafin ya nemi takarda, in ya duba ya miƙa da hannu biyu. Sannan ya zagayo wajen tagar gaba, ya saɓa bindigarsa baya, ya durƙusa har ƙasa, da kakinsa da komai.

"Gwaggo, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Lawal ɗan albarka. Ka karya kuwa? Dubi yadda ka rame."

Daga nan sai ya ɗan karkata kai wajen kujerar baya, ba tare da ya ɗaga ido ba, ya ce, "Ina kwananku." Dije takan kau da fuska wajen gonaki ta ce "lafiya" ciki-ciki, kamar mai amsa gaisuwar baƙo.

To, a nan abin yake. Da mota ta wuce sai a hau sa albarka. "Kai, wannan ya fita daban." "Allah ya yi wa uwar da ta haifi wannan yaro albarka." Sai Saude ta buɗe tafukanta biyu ta shafa, ta ce, "Amin, amin, na gode," da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Alhali kuwa Dije ce ta haife shi. Kwana biyu ta yi a kan gwiwa a ɗakin mahaifiyarta a Roni kafin ya faɗo. Sai dai ɗan fari ne, ita kuma 'yar gidan Fulani ce masu kunya. Tun ranar suna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Da aka yaye shi Saude ta zo ta goya shi ta tafi, a ɗakinta ya girma har ya shiga aiki. In ta kama dole Dije ta ambace shi, sai ta ce "wancan na wajen Yaya". Shekara talatin da huɗu kenan, har 'yan unguwa da yawa sun manta cikin wa ya fito.

Da can wannan bai taɓa damun Dije ba, haka ta ga an yi wa yayyenta. Sai da aka kawo shi shingen nan, kunnenta ya riƙa jin albarkarta ana miƙa wa wata, mako bayan mako. Maikasuwa ya daina barin kowa ya shiga gaba, "wajen uwar Saje ne". Mai goro ya miƙa wa Saude goro. Wata mata daga Kanya Babba har cewa ta yi Saude ta tofa wa jaririnta addu'a, ko ya yi halin ɗanta. Saude ta tofa kuwa. Dije tana matse a baya tsakanin buhun gero da kejin kaji, tana kallon ƙeyar yayar mijinta. A ranta ta ce, kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ranar nan a kasuwa ta kasa daurewa. Suna shimfiɗa kaya ta ce, "Yaya, amin ɗin nan taki ba ta gajiya?"

Saude ta dube ta sheƙeƙe. "To in bar albarka ta zube a titi? Ke kin iya amsawa ne? Da yaron ya yi ƙyanda, wa ya kwana bakwai a zaune da shi? Haihuwa ai ko akuya tana yi, Dije."

Saude ta faɗa ne da dariya, ta ma manta kafin azahar. Dije kuwa ta ƙulle maganar a gefen zani ta kai ta gida. Ta dinga juya ta tana suyar ƙuli, har kasko guda ya ƙone. Abin da ya fi cin ta shi ne, gaskiya Sauden ta faɗa game da ƙyandar. A lokacin ita Dije bayan danga take laɓewa tana sauraron numfashinsa, kunya ta hana ta shiga. Wa ya gani? Wa zai sa mata albarkar laɓe?

Ana nan sai wata ranar kasuwa Maikasuwa ya tafi biki Babura, ya bar motar a hannun wani Sama'ilu, matashi mai zafin kai. Sama'ilu ya yi lodi kamar ba gobe. Ya cusa mutum uku a but tare da awaki, ya ɗaure ƙofar da igiya. Tayar baya kuwa ta suɗe har waya ta leƙo. Cikin fasinja akwai Alhaji Sani, falken raguna, wanda tun a tasha yake duba agogo yana cewa in bai isa da wuri ba 'yan Nijar za su kwashe na kirki su bar masa ƙashi.

Da suka iso tsamiya, Saje Lawal ya ɗaga hannu. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Gwaggo kamar kullum, ya ce "ina kwananku". Sannan ya zagaya motar a hankali. Ya tsaya a kan tayar, ya sa yatsa ya taɓa wayar.

"Direba, don Allah a sauka a canza wannan tayar. Mutanen but kuma su fito, zan tsayar musu da wata motar."

"Haba Yallaɓai, Gwiwa ce fa, ga ta nan."

"Akwai gangara a gaba. Wannan ba za ta kai ku ba."

Sama'ilu ya naɗe wata takardar kuɗi a cikin lasisi ya miƙa. Saje ya buɗe, ya zare ta, ya mayar masa a aljihun riga, ya riƙe lasisin yana dubawa. Nan fa ran Sama'ilu ya ɓaci. Ya fizge lasisin ya wurgar a ƙasa.

"In ta yi kaɗan ne ka faɗa! Ana wani cewa kai na Allah ne, ashe farashinka ne ya fi na sauran!"

Wani kurtu da ke tare da Saje ya taso a fusace, Saje ya tare shi da hannu. Ya sunkuya ya ɗauki lasisin, ya kaɗe masa ƙura a wandonsa, ya ce, "Malam, ga abinka. Tayar dai za a canza. Jama'a, ku yi haƙuri ku sauko, ba a ɗaga mota da mutane a ciki."

Sama'ilu ya ƙi karɓar lasisin. A cikin mota kuma ba wanda ya motsa. Rana ta fara zafi, awaki na kuka, kowa na tuna kasuwarsa. Bakunan da suka saba sa albarka su ne suka juye.

"Dama duk kanwar ja ce!"

"An ba ƙaramin mutum bindiga, sai ya nuna mana iko."

Alhaji Sani ya leƙo da kansa ta taga, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Kai ɗan sanda! Ka san asarar da kake ja min? Mara mutunci, mara tarbiyya! Ai ba laifinka ba ne, laifin uwar da ta haife ka ne, ta sako mana annoba a hanya. Allah wadai da haihuwar asara!"

Waɗanda suka saba shiga motar duk suka juya suka dubi gidan gaba. Wata ta ce, "Alhaji, a yi hattara, ga uwarsa nan."

"To sai me? Ta ji da kyau! Hajiya, haka kika koya masa?"

Saude ba muguwa ba ce, Allah ya sani. Amma man shanunta ya fara narkewa a ƙwarya, ga idanun jama'a a kanta, ga Alhaji na huci. Ba ta saba da irin wannan kallon ba. Sai ta ja gyale ta ce a sanyaye, "Ni fa riƙonsa kawai na yi."

Dije ta ji maganar har tafin ƙafarta. Ta dubi waje. Lawal yana tsaye da lasisin a hannu, fuskarsa ba ta canza ba, amma ta ga maƙogwaronsa ya motsa, irin yadda yake yi yana ƙarami in an doke shi ya ƙi kuka. Ashe duk shekarun nan tana kallonsa ta wutsiyar ido, ta san shi sarai.

"Matsa min," ta ce wa mai kaji.

Ta tsallake buhu, ta tsallake ƙafafun mutane, ta sauko da robar ƙulinta a hannu. Ta zo daidai tagar Alhaji Sani ta tsaya. Ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Alhaji, uwar kake nema? Ga ni. Ni na haife shi, a Roni, kwana biyu ina naƙuda. Wadai ɗin da ka yi tawa ce, kada ka ba wata. Ƙaro, ina ji."

Alhaji ya janye kansa daga taga. Tsohuwa ce sa'ar yayarsa, ga furfura a gefen ɗankwali.

"Shekara biyu ina cikin motar nan kuna cewa ya fita daban, don yana gaishe ku yana barinku ku wuce. Yau ya ce kada ku mutu a gangara, ya zama haihuwar asara. To ni na sauka. Mai son bin wannan tayar ya zauna." Ta juya, ba ta dubi ɗanta ba, tsamiya ta duba, ta ce, "Ɗan sanda, yi aikinka."

Saje Lawal ya durƙusa a nan kan kwalta, kansa a ƙasa, ya ce, "To, Inna." Bai taɓa kiranta haka a gaban mutane ba.

Matar nan ta Kanya Babba ce ta fara saukowa da goyonta, sai mai kaji, sai saura ɗaya bayan ɗaya. Aka kwance igiyar but. Alhaji Sani ya fito daga ƙarshe yana gyaran hula, ya ce wa iska, "Ai zafin kasuwa ne, Hajiya, a yafe." Da Sama'ilu ya ciro tayar ya ga yadda ta tsage ta ciki, da zai karɓi lasisinsa hannu biyu ya sa.

Saude ta zo ta zauna kusa da Dije a kan saiwar tsamiya, ƙwaryar mai a cinya. Can Saude ta ce, "Kin kunyata ni, 'yar Roni."

"Ke kika sauke kayan, Yaya. Ni ɗauka kawai na yi."

Mako ya zagayo, Maikasuwa ya dawo, labari ya riga shi zuwa tasha. Ya rasa wadda zai ba gidan gaba, sai ya cusa su su biyu, Saude na mita wai ƙashin Dije na sukarta. A shinge Saje ya durƙusa ya gaida Gwaggonsa, ya ce "ina kwananku", Dije ta kau da kai wajen gonaki kamar yadda ta saba. Da suka wuce wani tsoho a baya ya ce, "Allah ya yi wa uwar da ta haifi yaron nan albarka."

Saude ta ɗaga tafukanta, sai ta tsaya. Ta zunguri Dije da gwiwar hannu, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"Ke, amsa mana. Ko sai an zage shi kike da baki?"

Dije ta ja gyale ta rufe rabin fuskarta. Maikasuwa ya rantse ya ji ta ce amin, amma ya ce sai da ya rage rediyo.