Buhunan Kawu Magagi

Yazid ya bar lakwal da takardar bireve a hannu, ya yi shekara biyu yana watangaririya tsakanin tashar Filinge da kasuwannin ƙauye, yau sayar da katin waya, gobe gyaran babur, babu wadda ya zauna a kai. Sai ya ji a rediyo cewa wani ofishin masu binciken kaya da takardun ƙungiyoyi a Yamai yana ɗaukar waɗanda suka bar makaranta, ya horar da su shekara biyu, wanda ya jure a ba shi aiki. Ya yi jarrabawa cikin mutum fiye da ɗari, ya fito cikin takwas. Ranar da labarin ya iso garinsu Tabla, mahaifiyarsa Mairama ta soya masar gero ta raba wa maƙwabta har man gyaɗanta ya ƙare.

A ofishin, Madam Nasiba ce shugaba, mace marar yawan magana. Ita ta miƙa wa kowannensu wani ƙarfe mai tsini da rami a ciki, tsawonsa kamu ɗaya. Ana soka shi a buhu, tsaba ta biyo ramin ta zubo a tafin hannu.

"Buhu ɗaya cikin goma za ku soka," in ji ta. "Ku za ku zaɓa, ba mai mabuɗi ba. Ku hau saman jerin, ku leƙa tsakiya. Kada in ga sa hannunku a kan abin da ba ku taɓa ba."

Wanda aka haɗa Yazid da shi sunansa Kamal, ya shekara shida a aikin. Shi ya koya masa cika takarda, shi yake saya masa shinkafa da wake da rana, kuma bai taɓa kiransa da suna ba sai "ƙanena". Yazid har tafiyarsa yake kwaikwayo.

Cikin Fabrairu aka tura su ƙasar Kurfai su duba mangazu, ɗakunan ajiyar hatsi na ƙungiyoyin ƙauye, waɗanda ake cikawa da kaka, a rufe, sai bazara ta yi tsanani a buɗe wa mutane da sauƙi. Suna cikin mota Kamal ya dafa kafaɗarsa.

"Ƙanena, lokaci ya yi da za ka tsaya da ƙafarka. Ni zan yi Bonkuku, kai ka yi Tabla kai kaɗai. Garinku ne, a ga abin da ka zama."

Yazid ya ji kamar an naɗa masa rawani. Bai tsaya tunanin cewa mai riƙe da mabuɗin mangazar Tabla shi ne Kawu Magagi, yayan mahaifiyarsa ba, mutumin da ya yanka ragon sunansa, ya kuma ɗauke shi a wuya zuwa asibiti shekarar da ƙyanda ta kusa kashe shi.

Da hantsi ya isa. Dattawa suna zaune kan tabarma ƙarƙashin gawo, Kawu Magagi yana tsaye a ƙofar mangaza, mabuɗi rataye a wuyansa da igiyar fata.

"Magagi, yau ka shiga uku!" in ji tsoho Kailu yana dariya. "Ɗan da ka share wa majina shi na ya taho da jaka ya bincike ka."

"Bar shi ya bincika," in ji Kawu. "Taho, ɗan Mairama. Ka sha hura tukuna, ko mutanen Yamai sun hana?"

Ya sha. Aka buɗe ƙofa. Buhuna sun jeru har kusa da rufin kwano, tsaf kamar ginin bulo. Yazid ya ƙirga tsawo da faɗi da tsayi, ya samu ɗari biyu da arba'in, daidai da takarda. Sai ya zaro ƙarfen daga jaka, ya nufi lungun baya inda zai taka ya hau.

Dariyar dattawa ta tsaya.

"Mi kaka yi da wanga?" Kawu ya tambaya a hankali.

"Kawu, doka ce. Sai na soka, na hau sama."

"Gaban mutane?" Kawu ya waiwayi tabarma, ya dawo da ido kansa. "Ni na ce maka hatsi na. Hannuna ya ɗinke bakin kowane. Kana son a ce ɗan ƙanwata ya hau bisa kaina da ƙarhe yana neman ƙarya?"

A Tabla yaro ba ya leƙa rumbun babba ko da an aike shi ɗebo hatsi, sai a miƙo masa daga sama. Yazid ya tuna muryar Madam Nasiba, amma Madam tana Yamai, idon tsoho Kailu kuwa yana nan a bayansa.

"To, don takardarka," in ji Kawu, ya buga buhu uku na bakin ƙofa. "Soki waɗanga."

Ya soka. Gero mai kyau ya zubo masa a tafi. Ya rubuta cewa ya duba kamar yadda aka tsara, ya sa hannu. Da yamma ya gaya wa Kamal yadda aka yi, bai ɓoye komai ba. Kamal ya yi dariya ya ce, "Kawunka ne, wa ya fi ka saninsa? Bar shi haka."

Ƙarshen Mayu aka buɗe mangazar Tabla. Layi biyu na gaba gero ne. Daga na uku, buhu ya fara zubo da ƙaiƙayi gauraye da rairayi.

Madam Nasiba ta kira Yazid da Kamal ofis. Takardar tana kan teburinta, sa hannun Yazid a ƙasa, manyan baƙaƙe kamar yadda ya koyi yi don ya yi kama da na manya.

"Buhu nawa ka soka?"

"Uku, Madam."

"Ka rubuta ashirin da huɗu." Ta juya. "Kamal, ka san da wannan?"

Yazid ya ɗaga kai yana jiran yayansa na aiki ya yi magana.

"Ban sani ba, Madam," in ji Kamal, muryarsa sumul. "Na ja masa kunne a mota. Da na san mai mabuɗin danginsa ne, da ban tura shi ba."

Yazid da kansa ya taɓa ba Kamal labarin ƙyandar nan, suna cin shinkafa a kwano ɗaya. Kafin la'asar an ba shi takardar sallama. Ba wanda ya tuna ya karɓi ƙarfen.

Washegari ya sauka Tabla. Mata sun cika gindin gawon da ƙorai da buhunan roba, ba mai auna musu, don ba wanda ya san abin da ya rage. Cikin layin ya hango mahaifiyarsa, ƙwarya kife a kanta. Ta gan shi, ta kawar da kai.

Ya sami Kawu Magagi zaune a zauren gidansa, ya rame.

"Kawu, don me?"

"Na ba wani ɗan kasuwa geron da niyyar in maida da kaka, kaka ta zo ba albarka." Ya goge fuska da hularsa. "Bara waccan Kamal ya hau bisa, ya gani da ido nai. Na ba shi rago, ya yi shiru. Bana ya kira ni ya ce shi ba ya sake sa hannu, amma in kwantar da hankali, zai turo mini nawa na gida."

"Kuma ka yarda."

"Na ce kai yaro ne, ko ta tashi, faɗa za a yi maka a bar ka."

"Sun kore ni, Kawu."

Yazid ya miƙa hannu, karo na farko a rayuwarsa bai durƙusa ba.

"Ba ni mabuɗin."

Ya buɗe mangazar, ya cire rigarsa ta ofis ya rataye a ƙofa, ya hau can sama gaban dattawa da mata duka. Bai yi ɗaya cikin goma ba. Kowane buhu sai da ya soka, ya duba tafinsa, ya ture shi dama ko hagu. Samari suka shigo suna ja. Ƙaiƙayi ya shige masa ido da wuya, bai tsaya ba sai bayan la'asar.

Buhu hamsin da takwas ne gero. Ya rubuta a bayan takardar sallamarsa, da abin da Kawu ya faɗa game da ragon, ya sa hannu. Ya karanta adadin da ƙarfi ga Balkisa, shugabar matan ƙungiya, ita kuma ta fara lissafin tiya nawa kowane gida zai samu. Sannan ya ɗauki hoton takardar ya aika wa Madam Nasiba.

Amsa ta zo kafin magariba. Ta ce za ta bi maganar Kamal da kanta. Ta ce aikin nan ya yi daidai, kuma da shi ya kawo mata a Fabrairu da yanzu yana kan kujerarsa, amma gurbinsa an riga an ba wata yarinya daga Tondikandiya.

Mairama ta zo wucewa da tiya biyu a ƙwarya, rabon gidan mutum bakwai. Ta tsaya kusa da shi, ba ta dube shi ba.

"Yayana ne," in ji ta, "kai kuma ɗana. Tashi ka wanke jikinka, ƙaiƙayi zai ci maka fata."

Wayarsa ta yi ƙara, sunan Kamal a fuskarta. Ya bar ta tana kuka a aljihu, ya share ƙarfen da gefen wandonsa, ya bi bayan mahaifiyarsa.